Ƙungiyar ECOWAS Da Buhun Albasar Talaka

Jama'ar Jega da Aliero da Maiyama, iyayenmu da 'yan'uwanmu manoma da 'yan kasuwa, dillalai da direbobi da 'yan dako. Mun gode muku da kuka bar rumfunanku da lambunanku kuka taru. Maganar da za mu yi yau a kan ƙungiyar nan ce ta ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda a ke kira ECOWAS, mutanen Nijar kuwa su ce mata CEDEAO. Mun sani wani zai ce, ina ruwan mai sayar da albasa da taron shugabanni a Abuja? To, mai wannan tambaya ya tuna da watan Agusta na 2023, sa'ad da motoci suka yi jerin gwano a bakin iyaka, lodi na ruɓewa cikinsu, ba gaba ba baya. Lokacin nan kuwa shi ne lokacin da albasar ajiya ke yin kuɗi, wadda manomi ya sha wahalar tsaronta cikin rudu tun bazara. Cikin waɗanda suka yanke hukuncin rufe hanya ba wanda ya yi asarar ko buhu guda.

Kafin mu shiga maganar ƙungiya, bari mu tuna wa juna ko mu su wane ne. Garin nan na Jega, wanda Buhari ɗan Abdussalami ya kafa a bakin gulbin Zamfara, kasuwa ce ta raya shi. A zamanin Daular Sakkwato, in an ɗauke Kano, da wuya a sami kasuwar da ta kai ta Jega suna. Nan ayarin fatake ke sauka, madugu na gaba, jakuna ɗauke da kanwa da tufafin rini da kayan fata, su haye Kwara su ratsa ƙasar Bargu, har su kai Salaga ta ƙasar Gwanja, su komo da goro. Zangon Hausawa da ku ke ji a Kumasi da Ankara jikokin waɗannan fatake ne da waɗanda suka bi sawunsu. Suna biyan kuɗin fito ga sarakunan hanya, ba mu ce kyauta su ke wucewa ba, amma ba wanda ya ce da su baƙi ne don sun fito Jega.

Turawa ne suka zo suka ja layi. Ingilishi da Faransi suka zauna a ƙasarsu a 1898, suka sāke zama a 1904 da 1906, suka raba Kabawa da Arawa da Dandawa da Zabarmawa gida biyu, har gida uku in an haɗa da na Jamhuriyar Binin. Ku je Dole Kaina ku gani, gari ɗaya, rabi Nijeriya rabi Nijar. Mutumin Kamba surukinsa na Gaya, na Kangiwa kawunsa na Dogon Dutsi. Saboda haka sa'ad da Janar Yakubu Gowon da Janar Eyadema na Togo suka zaga ƙasashe suna neman a haɗa kai, har ƙasashe 15 suka sa hannu a Ikko ran 28 ga Mayu, 1975, abin da aka yi wa talaka alkawari kayansa ne na gado da Turawa suka karɓe, aka ce za a mayar masa.

Me aka rubuta cikin takardun? Ya kamata kowane ɗan kasuwa ya sani, gama galibinmu an bar mu cikin duhu, kuma akwai masu cin abinci da duhun nan. A 1979 aka sa hannu a Dakar cewa ɗan kowace ƙasa ta ƙungiya yana da ikon shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, muddin yana riƙe da takardar tafiya da katin allurar rigakafi. A shekarar nan kuma aka yarda cewa amfanin gona da dabbobi da aikin hannu, watau albasarku da geronku da ragunanku da tabarminku, su wuce daga ƙasa zuwa ƙasa ba kuɗin fito na kwastan. Kayan masana'antu sai a 1990 aka shigar da su, su ne kuwa ke bukatar takardar shaidar inda aka yi su. Albasa ba ta bukatar wannan takarda, sai dai ta lafiyar kaya. Direbobi kuma an yi muku katin inshora mai ruwan ƙasa a 1982, wanda ke aiki a ƙasashen ƙungiya. Wannan shi ke rubuce. Abin da ke kan hanya kuwa kun fi mu sani. Ku ƙirga shingaye daga nan zuwa Kamba, ko daga Tsamiya zuwa Sagbana har a kai kasuwar albasa ta Ankara, wadda aka tashe ta daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a 2021, ku ƙirga hannuwan da a ke miƙo wa direba, sa'an nan ku gaya mana ko akwai wanda ya taɓa ba ku rasit.

Kada kuma ku zaci ba ku da zubi cikin wannan adashi. Duk kayan da aka shigo da su daga wajen ƙasashen ƙungiya, ana ɗora musu kwabo 50 cikin kowace naira 100, a aika wa ƙungiya. Mai shigo da kaya ba ya biya daga aljihunsa, a kan farashi ya ke ɗorawa. Watau ranar da ka sayi injin ban-ruwa ko babur ko batir, ka biya ECOWAS. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa zubi, fiye da rabin mutanen ƙungiyar kuma 'yan Nijeriya ne. Ke nan mu ne masu gida, amma ba a taɓa shawartarmu ba.

To, yaya ƙasashen da suka sa hannu suka riƙe alkawarinsu? Mu fara da tamu, don wanda zai faɗi gaskiya daga gida ya ke farawa. A watan Janairu na 1983, shekara huɗu ba su cika ba da sa hannun Dakar, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fice. Mutanen Gana wajen miliyan ɗaya suka kwashe komatsansu, da 'yan Nijar da na Cadi masu yawa. Wasu suka ce ramuwa ce, don Gana ta kori namu a 1969 zamanin Busia, fatake da yawa suka baro gidaje da shaguna. Amma ramuwar a kan wa ta faɗa? Wanda ya kori namu ba shi aka kora ba, lebura da tela da malamin makaranta aka kora. A watan Afrilu na 1984 Janar Buhari ya rufe iyakoki, ba a buɗe ba sai 1986. Shekarar ta zo da fari, hatsi ya kasa hayewa, har mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar nan suna El-Buhari.

A watan Agusta na 2019 aka sāke rufewa, aka ce saboda shinkafar waje da a ke shigowa da ita ta Kwatano. A nan sai mu yi adalci. Kukan Nijeriya yana da tushe, gama shinkafar Tailan da Indiya ba amfanin gonar Binin ba ce, ba ta cikin abin da aka yafe wa fito, maƙwabta kuwa sun san haka suna kau da kai don abin da su ke samu a tashar jirgin ruwa. Manoman shinkafa na Jihar Kebbi kuma sun ga farashi mai kyau a shekarun nan, ba mai musun wannan. Amma don a kama ɓarawon shinkafa sai aka kulle mai albasa da mai barkono da mai shanu, waɗanda kayansu halal ne bisa takardar ƙungiya. A watan Nuwamba aka ƙara da hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutanen Kamba suka shiga sayen mai a galan da tsada. Da aka tashi buɗewa a watan Disamba na 2020, Illela da Maigatari da Seme da Mfum aka buɗe, tamu ta Kamba sai Afrilu na 2022. Shinkafar kuwa ba ta daina shigowa ba, ta dai koma kan babura ta cikin daji, kuɗin hanya ya ƙaru. Duk tsawon wannan lokaci ƙungiya ba ta iya ce wa Nijeriya kanzil ba sai roƙo da kafa kwamiti, don babu mai ɗaure wa giwa igiya.

Gana ita ma ta yi dokarta a 2013, ta ce baƙon da zai yi kasuwanci sai ya zo da jarin dala miliyan ɗaya, aka bi shagunan 'yan Nijeriya a Kumasi da Ankara ana garƙamewa a 2019 da 2020. Ku duba fa, jama'a, dala miliyan ɗaya! Wane ne cikinmu nan ya taɓa ganinta? Kuɗin bai-ɗaya da aka ce za a yi mana mai suna Eko, don mu huta da asarar canjin naira da sefa da sidi, an sa masa rana a 2003 aka ɗaga, aka sa 2015 aka ɗaga, aka sa 2020 aka ɗaga zuwa 2027.

Yanzu mu zo ga babbar magana. Ran 26 ga Yuli, 2023, sojojin da ke tsaron fadar Yamai suka tsare Shugaba Muhammadu Bazoum, Janar Abdurrahman Tchiani ya hau. Kwana huɗu kawai shugabannin ƙungiya suka taru a Abuja ƙarƙashin Shugaba Tinubu, suka rufe iyakoki, suka tsai da ciniki da hulɗar banki, suka ba sojoji kwana bakwai su mayar da mulki ko a far musu da yaƙi. Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da ke bi ta Birnin Kebbi zuwa Yamai, wadda ita ce mafi yawan wutar da Nijar ke amfani da ita. Janar da fadawansa suna da janareta. Wanda ya kwana cikin duhu shi ne majinyaci a asibiti, da mai injin niƙa, da mai sayar da ƙanƙara. A wannan gefe kuwa kasuwannin iyaka suka mutu, raguna da wake suka daina shigowa, albasa ta rasa mafita, yaran da ke cin abinci da dako suka zauna. Da an yi yaƙin kuwa, ina za a yi shi? Ba a Ikko ba, a gonakin Dandi da Arewa za a yi shi, 'yan gudun hijira kuma a Jega za su sauka. Allah ya sa Majalisar Dattawa ta ƙi yarda ran 5 ga Agusta, malamai suka tafi Yamai, Janar Abdussalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi su ma suka yi ta kai da kawowa, har wutar ta lafa.

Mu ba ma goyon bayan juyin mulki, kada wani ya fita nan ya ce mun faɗi haka. Ƙungiya tana da doka tun 2001 cewa ba za ta yarda da mulkin da aka ƙwata da bindiga ba, doka ce mai kyau. Ta kuwa taɓa yin aikin kirki da ita: a 2009 ta dakatar da Nijar sa'ad da Tanja Mamadu ya yi tazarce, a Janairu na 2017 kuma ta tilasta wa Yahaya Jammeh na Gambiya ya sauka bayan ya faɗi zaɓe. Sojojinmu sun zubar da jini a Laberiya daga 1990, da Saliyo bayanta. Abin da ya zubar mata da mutunci shi ne ma'auni biyu da ta ke awo da su. A 2015 aka kawo shawara a taron Ankara cewa kada shugaba ya wuce zango biyu, Togo da Gambiya suka ƙi, aka janye maganar. A 2020 Alfa Konde na Gini ya sauya tsarin mulki ya zarce, aka kashe masu zanga-zanga, ƙungiya ba ta rufe masa iyaka ba. Alassan Watara na Kwaddibuwa shi ma ya zarce a shekarar nan. A Togo gida ɗaya ke mulki tun 1967. Mai satar mulki da alƙalami a zauna da shi a ci tuwo, mai sata da bindiga a hukunta talakawan ƙasarsa. Ku duba kuma saurin da a ke yi in kujera ce ta girgiza: ran 7 ga Disamba, 2025, da wasu sojoji suka yi yunƙurin kifar da gwamnati a Kwatano, a ranar nan jiragen yaƙin Nijeriya suka isa. Ina ma a ce da irin wannan sauri a ke zuwa in motar albasa ta kwana bakwai a shinge.

Takunkumin bai mayar da Bazoum ba. Abin da ya haifar shi ne Nijar da Mali da Barkina Faso suka ƙulla ƙawancensu na AES ran 16 ga Satumba, 2023, suka ba da sanarwar ficewa ran 28 ga Janairu, 2024. Da ƙungiya ta ga haka sai ta janye takunkumi ran 24 ga Fabrairu, aka buɗe iyakarmu da Nijar a watan Maris, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Dokar ƙungiya ta ce mai son fita ya ba da sanarwar shekara guda, shekara ta cika ran 29 ga Janairu, 2025, ƙasashe 12 suka rage. Muritaniya ta taɓa fita a 2000, amma ita tana nesa da mu. Nijar kuwa katangarmu ɗaya.

Akwai matasanmu da ke tafa wa sojojin Yamai, suna cewa sun kori Faransa. Korar sojan Faransa an yi, a ƙarshen 2023 suka fice. Amma ɗan kasuwa ya duba aljihunsa kafin ya tafa. Sefar nan ta dā ita su ke kashewa. Bayan an janye takunkumi, Nijar ta ƙi buɗe gadar Gaya da Malanbil, mutane suka koma haye Kwara da kaya cikin kwalekwale. A watan Oktoba na 2024 ta hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Barkina. A watan Maris na 2025 ƙasashen uku suka ɗora nasu harajin na kwabo 50 cikin naira 100 a kan kayan da ke shiga musu daga waje, har da namu. A watan Mayu na shekarar nan, dab da Babbar Salla, Nijar ta hana fitar da dabbobi, duk wanda ya nemi ragon layya ya ji a jikinsa, makiyayin Nijar kuma ya rasa kasuwar da ta fi ba shi kuɗi. A watan Maris ɗin nan ne kuma aka rantsar da Janar Tchiani shekara biyar ba da ƙuri'ar kowa ba, aka rushe jam'iyyun siyasa duka. Taro irin wannan da mu ke yi yau, da a can ne, da ba a yi shi ba. Suna cikin ƙungiya talaka ya biya, sun fita talaka ya biya.

Akwai wata asara kuma da ba ta kuɗi ba. Talakan Nijar ya rasa kotun ƙungiya da ke Abuja, wadda tun 2005 mutum ɗaya ke iya kai ƙarar gwamnatinsa gabanta. Wata baiwar Allah daga ƙasar Ƙonni, Hadizatu Mani, wadda aka sayar tana yarinya, ta kai ƙarar gwamnatin Nijar don ta kasa kāre ta daga bauta, kotu ta ba ta gaskiya a watan Oktoba na 2008, ta ce a biya ta sefa miliyan 10, aka kuwa biya. Ba kullum a ke bin hukuncinta ba, gama a 2016 ta ce Nijeriya ta saki Kanar Sambo Dasuƙi, ba a sake shi ba sai ƙarshen 2019. Duk da haka ƙofa ce, mu tamu tana buɗe, ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa su san da ita. Sa'an nan ga tsaro. Iyaka mai tsawon kilomita wajen 1,500 ba ta tsaruwa in sojojin gefe biyu ba sa magana da juna, 'yan bindigar nan da a ke kira Lakurawa kuwa sun sami wannan kafa, kun ji abin da suka yi a Mera ta ƙasar Augie a watan Nuwamba na 2024.

Ranar da ƙasashen uku suka fita, ƙungiya ta ba da sanarwa cewa a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanensu, a bar kayansu su wuce kamar dā, har sai an ga abin da hali ya yi. Ku riƙe wannan kalma, har sai an ga abin da hali ya yi. Watau abin da dā hakki ne ya koma alfarma, alfarma kuwa mai ita na iya janyewa ranar da ya tashi da fushi. Ba a yin lodin tirela bisa alfarma. Don haka mu ke neman gwamnatin tarayya ta zauna da Nijar a rubuta yarjejeniyar shige da fice da ciniki, a sa hannu, a buga ta da Hausa a manna a Kamba da Dole Kaina da Bacaka, kowa ya karanta abin da zai biya da abin da ba zai biya ba. Ba sai an ƙirƙiro sabon ofis ba, akwai hukumar haɗin gwiwa ta Nijeriya da Nijar tun 1971, ta girmi ECOWAS ma, mazauninta na Yamai, kuma a watan Afrilu na 2025 ministocin harkokin waje na ƙasashen biyu sun sadu a can sun ce za su farfaɗo da ita. A cikin yarjejeniyar nan a rubuta ƙarara cewa ko shugabanni sun yi faɗa, ba za a tsare abinci da magani da wuta ba.

Ƙungiya kuma tana da majalisa a Abuja, Nijeriya na da kujeru 35 a ciki. Wa ya taɓa jefa ƙuri'a ya zaɓi ɗayansu? Ba kowa. Daga cikin 'yan Majalisar Tarayya a ke tsamo su, su tafi su karɓi kuɗin zama, alhali tun da aka kafa majalisar aka rubuta cewa wata rana jama'a ne za su zaɓa da hannunsu. Muna so wannan rana ta zo. Kafin ta zo, sanatanku da ɗan majalisar wakilanku suna da baki a kan wanda za a aika. Duk ɗan takarar da ya shigo kasuwar nan neman ƙuri'a, ko na wace jam'iyya ne, har da tamu, ku tsai da shi ku tambaye shi me ya faɗa a watan Agusta na 2023, kuma me zai yi a kan shingayen hanyar Kamba. Shugabannin 'yan albasa da na direbobi kuwa muna roƙonku ku sayi littafi, kowace mota ta tashi daga Aliero ko Maiyama a rubuta ranar tashinta, da shinge nawa ta tarar, da abin da aka karɓa a kowanne, da kwanakin da ta yi a iyaka, da buhu nawa suka ruɓe. In littafin ya cika wata shida a kawo shi, mu kai gaban Majalisar Dokoki ta Birnin Kebbi da ta ƙungiya a Abuja.